Lambu a Tsakar Gida: Girman Mazubi da Hasken da Shuka Ke Bukata

Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudu maso yammacin Jihar Katsina, ƙasa ce ta noma tun kaka da kakanni. Ruwan saman da take samu a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, wato ya ɗara abin da ake samu a birnin Katsina da Daura nesa ba kusa ba, shi ya sa masara da dawa da auduga da waken suya suke yin albarka a cikinta. Saboda wannan albarka ne aka sanya gundumomin Ƙanƙara da Faskari cikin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya. To amma daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a wannan yanki, har ta kai manomi yana da gona a daji amma ba shi da ikon zuwa ya duba ta. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako su. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomin nan uku da wasu maƙwabtansu. Iyalai da dama sun bar ƙauyukansu a waɗannan shekaru sun koma cikin gari, inda duk filin da suka mallaka bai wuce tsakar gida ba.

A irin wannan hali, abin da ke fara ɓacewa daga tukunyar miya shi ne ɗanyen ganye. Hatsi yana ajiyuwa a rumbu ko a buhu har shekara ta zagayo, amma alayyafo da tumatir da tattasai ba su jimre kwanaki, kuma su ne ke ba yara sinadarin bitamin A da sinadarin ƙarfe, waɗanda rashinsu ke haddasa dundumi da ƙarancin jini. Don haka shuka kayan miya a cikin buhu da jarka da tsohuwar tukunya ba wasan yara ba ne, kamar yadda wasu magidanta ke ɗauka. Sai dai da yawa daga masu gwadawa sukan karaya tun karon farko. Tsiron yakan fito da kyau, bayan mako uku ya yi tsawo siriri kamar zare, ganyensa ya koma rawaya, ya kwanta. Daga nan sai a ɗora laifin a kan iri, ko a ce wance ba ta da hannun shuka. Alhali in an bincika, galibi ɗayan abu biyu ne: ko mazubin ya yi wa saiwa kaɗan, ko kuma an ajiye shi inda rana ba ta isa.

Gwajin van Helmont

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da aka yi a kan rayuwar tsirrai a cikin tukunya aka yi shi. Wani masani ɗan ƙasar da yau ake kira Beljiyam, mai suna Jan Baptist van Helmont, ya busar da ƙasa ya auna kimanin kilo 91 ya zuba a tukunya, sa'an nan ya dasa reshen wata bishiya ta bakin rafi mai nauyin kilo 2 da 'yan kai. Shekara biyar yana ba ta ruwa kawai. Da ya tuge ta ya auna, sai ya tarar ta kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa da ya sake busarwa ba ta ragu da fiye da giram 60 ba. An buga labarin wannan gwaji a 1648, bayan rasuwarsa. Shi dai ya ɗauka ruwa ne ya rikiɗa ya zama itace. Ya yi gaskiya cewa ba ƙasa bishiyar ta ci ba, amma ya yi kuskure da bai sa iska a lissafinsa ba. Sai a 1779 wani likita ɗan Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa koren ganye yana fitar da iskar oksijin ne idan akwai haske, in duhu ya yi kuma sai ya daina.

Abin da aka tabbatar daga baya shi ne, ganye yana shaƙar iskar kabon dayoksaid ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, saiwa kuma tana aiko masa da ruwa, sai koren sinadarin da ke cikinsa, wato kulorofil, ya yi amfani da ƙarfin haske ya haɗa su su zama sukari. Da wannan sukari shuka ke gina kara da ganye da 'ya'ya. Wannan aiki shi masana ke kira fotosintesis. Ke nan ganye shi ne madafin shuka, haske shi ne wutar girkin, saiwa kuwa ita ce mai ɗebo ruwa da gishirin ƙasa. In ɗayansu ya gaza, girki ya tsaya.

Saiwa da ɗakinta

Tun da shuka ba ƙasa take ci ba, mai karatu zai iya tambaya: to mene ne ruwanta da girman mazubi? Amsar ita ce, ƙasar da ke cikin mazubi ita ce randar shukar, ita ce rumbunta, kuma ita ce ɗakin da saiwarta ke numfashi. A gona, tumatir kan tura saiwa ƙasa fiye da rabin mita yana neman laima. A cikin gwangwanin madara kuwa, duk ruwan da zai samu bai wuce cikin kofi ɗaya ba, alhali babban tumatir a lokacin zafi yakan sha lita ɗaya zuwa biyu a yini, wani lokaci ma fiye. Da zarar ƙasar ta bushe da hantsi, sai ganye ya rufe ƙofofinsa don kada ya yi asarar ruwa, kuma muddin ƙofofin na rufe iska ba ta shiga, girki ya tsaya ke nan har yamma, ko da kuwa rana na nan tsaka.

A 2012 wani masani mai suna Hendrik Poorter da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 65 da aka yi a kan wannan batu, suka gano cewa idan aka ninka girman mazubi sau biyu, nauyin shukar kan ƙaru da kashi 43 cikin 100 a tsaka-tsaki. Abin lura a nan shi ne ƙarin bai kai ninki biyu ba. Wato akwai inda ƙara girman mazubi ke daina biyan wahalar ɗaukar ƙasa da ruwa, kuma ga matar da ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, wannan lissafi ba ƙaramin abu ba ne.

Alayyafo da salak da yakuwa da ake tsinka tun suna ƙanana saiwarsu ba ta nisa, zurfin santimita 15 zuwa 20 ya wadatar da su, saboda haka tsohon baho ko daro da ya huje ya ishe su, faɗi suka fi so a kan zurfi. Albasa ma haka. Karas yana son zurfin santimita 25 zuwa 30, in ba haka ba sai ya taras da gindin mazubi ya lanƙwashe. Attarugu da tattasai da barkono kowane tushe ɗaya yana bukatar kamar lita 10 zuwa 12. Tumatir da kuɓewa da gauta kuwa sai lita 20, wato jarkar man gyaɗa da aka yanke mata kai, ko buhun siminti da aka wanke aka naɗe bakinsa, kuma tushe ɗaya tak a kowane mazubi. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin ganin tsirrai biyar sun fito lafiya lau sai tausayi ya hana a cire huɗu, ƙarshenta duka biyar ɗin su tashi a tsumbure. Zogale yana da doguwar saiwa mai nitsawa ƙasa, in dai ba za a iya dasa shi a ƙasa kai tsaye ba, to sai babban buhu ko rabin ganga, a riƙa sare kansa don ya yi rassa.

Ɗalibin da ya iya lissafi ba ya bukatar a gaya masa girman bokiti. Bokitin da faɗin bakinsa ya kai santimita 30, zurfinsa ma 30, in aka ɗauka sama da ƙasa ɗaya ne, sai a ninka 3.14 da 15 da 15 da 30, a sami 21,195, a raba da 1,000, ya ba da lita 21 da ɗan ɗori. Da yake yawancin bokitai suna tsukewa ta ƙasa, sai a rage kaɗan.

Babban mazubi ma yana da tasa illar idan tsiron jariri ne. Ƙasa mai yawa da babu saiwar da za ta tsotse ruwanta takan daɗe a jiƙe, iska ta kasa shiga, saiwa ta ruɓe, domin ita ma saiwa oksijin take shaƙa kamar ɗan Adam. Shi ya sa masu renon iri suke farawa da ƙaramin abu, kamar ledar ruwan sha mai rabin lita da aka huda wa gindi, bayan mako huɗu ko biyar a yi dashe. Kada dai a bari dashen ya makara. Idan saiwa ta taras da bango sai ta shiga zagaye tana nannaɗe kanta kamar gammo, kuma bishiyar mangwaro ko darbejiyar da ta daɗe a leda har haka ta faru, ko an dasa ta a fili takan ci gaba da shaƙe kanta, iskar farkon damina ta kayar da ita bayan shekaru.

Huji a gindin mazubi wajibi ne, huɗu ko biyar masu faɗin yatsa. Akwai wata al'ada da ta yaɗu ta zuba tsakuwa a ƙasan tukunya wai don ruwa ya wuce. Bincike ya nuna ba ta da amfanin da ake zato, domin ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika ta tumbatsa, saboda haka tsakuwar ba abin da take yi illa rage wa saiwa wuri. Abin da ya fi shi ne a gyara ƙasar kanta: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin dabbobi, kashi ɗaya yashi ko ɓuntun shinkafa. Laka zalla, ko farar ƙasar nan da Ƙanƙara ta yi suna da ita, takan daskare a mazubi kamar bulo. Ɗanyen kashin kaji kuma yana ƙona saiwa, sai an bar shi ya ruɓe.

Game da irin mazubin, tukunyar ƙasa tana da wata fa'ida da roba ba ta da ita. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta ya bi iska, ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Wannan hikima ce malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yi amfani da ita wajen ƙera tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Kuɗin wannan sanyi shi ne yawan ban ruwa. Baƙar roba kuwa tana riƙe ruwa, amma a watan Maris da Afrilu gefenta da ke fuskantar rana yakan yi zafin da zai kashe saiwar da ke jingine da shi, sai an naɗe ta da tsohon buhu ko an shafa mata farar ƙasa. Mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa ko baƙin mai a ciki, wannan kam ko an wanke shi bai dace da abin da za a ci ba.

Haske

Idon mutum ba abin dogara ba ne wajen auna haske, saboda yana sabawa da duhu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ɗakin da mutum ke karatu a cikinsa ba tare da wahala ba haskensa bai fi luks 300 zuwa 500 ba, a ma'aunin da masana ke amfani da shi. Tsakar gida da tsakar rana kuwa takan kai luks 100,000. Wato abin da mutum ke kira ɗaki mai haske, a wurin tumatir kusan dare ne. Tsiron da aka ajiye a irin wannan wuri yakan zuba ɗan ƙarfin da ke gare shi wajen miƙewa yana neman rana, shi ne dalilin dogon karan nan fari mai rauni da ke karkata wajen taga.

Duk shukar da ake nema don 'ya'yanta, kamar tumatir da tattasai da kuɓewa, tana bukatar rana ta doke ta kai tsaye awa shida zuwa takwas a yini. Masu ganye suna iya haƙuri da awa huɗu. Matsalar gidajen Hausa ita ce doguwar katanga da bishiyar inuwa a tsakar gida, abubuwa biyu da babu mai son rabuwa da su. Amma sanin hanyar rana yana rage wahalar. Garuruwan nan uku suna tsakanin digiri 11 da 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga ƙarshen Agusta har zuwa tsakiyar Afrilu rana tana ratsawa ta kudu da tsakar rana, saboda haka inuwar katanga arewa take faɗuwa, kuma a watan Disamba katanga mai tsawon mita 2 inuwarta takan kai kusan mita ɗaya da rabi da azahar. Mai lambun rani sai ya nisanci gindin katangar kudu, ya jera mazubansa a jikin katangar arewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuma al'amarin yakan juya, ko da yake inuwar ba ta yin tsawo sosai. Wanda ya rasa gane kusurwa ya fuskanci gabas, kudu na hannun damansa. Babbar fa'idar mazubi a kan gona ita ce ana iya ɗaukarsa a bi rana da shi.

A lokacin hunturu hazo yana rage ƙarfin rana, ƙura kuma tana kwanciya a kan ganye, don haka yayyafa wa ganyen ruwa da safe lokaci-lokaci yana taimakawa. Da bazara kuwa zafi ne abin tsoro. Idan ya haura digiri 35, furen tumatir yakan zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba, sai a kafa zana ko asabari ta yamma domin ta tare ranar la'asar, a bar ta safe ta shiga.

Batun fitila

Ɗalibin da ya nemi bayani a intanet game da shuka a cikin ɗaki zai ci karo da hotunan ɗakuna cike da fitilu masu jan haske da shuɗi. Dalilin launin shi ne kulorofil ya fi tsotsar ja da shuɗi, yana mayar da wani kaso na kore, shi ya sa ganye ke bayyana kore. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki ba ya amfani a nan, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Abin da ya canza al'amura shi ne fitilar LED mai shuɗin haske, wadda masanan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Da irin wannan fitila 'yan sama jannati suka noma salak a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, suka ci a watan Agusta na 2015.

Ya kamata malamai su sani cewa kaso mai tsoka na waɗannan shafuka masu noman tabar wiwi ne suka rubuta su, a ƙasashe irin su Kanada, inda aka halatta ta a 2018. A Nijeriya noman wiwi babban laifi ne mai kai mutum kurkuku, kuma hukumar NDLEA da aka kafa da doka ta 48 ta 1989 ita ke farautar masu yin sa. Ban da wannan ma, shawarwarin nasu an gina su ne a kan ƙasashen sanyi, inda yinin hunturu gajere ne.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka. Domin a ba murabba'in mita ɗaya na tumatir hasken da zai yi 'ya'ya, ana bukatar fitilar LED mai kyau ta kimanin wat 150 tana ci awa 15 kullum, wato wat 2,250 ke nan na awa ɗaya a kowace rana. Wanda zai samo wannan daga farantin sola sai ya tanadi na wat 500 ko fiye, wanda faɗinsa ya haura murabba'in mita biyu, ga kuɗin batir. Ke nan an tare ranar mita biyu an kai ta ɗaki don a haska mita ɗaya, alhali tana zuba kyauta a tsakar gida. Inda fitila ke da amfani shi ne ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, wajen renon 'yan tsirrai. A nan ma sai an kusantar da ita, domin idan aka ninka nisan ƙaramar fitila sau biyu, hasken da ke isa ganye yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Shuka tana kuma auna tsawon dare. A 1920 wasu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa wani irin taba da waken suya ba su yin fure sai yini ya gajarta. Manomin Faskari ya san wannan a aikace tun kafin a ba shi suna, domin dawar gargajiya ko an shuka ta da wuri ko an makara, kusan lokaci ɗaya take fitar da kai, wajen ƙarshen damina, abin da masu bincike a Samaru ta Zariya suka yi nazari a kai a shekarun 1960. A wannan yanki bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma dawa tana jin sa. Yakuwa da rama ma haka suke. Saboda haka mai son soɓorodo kada ya ajiye yakuwarsa ƙarƙashin fitilar sola da ke kwana a kunne, domin hasken dare yana iya jinkirta furenta. Mai son ganyen miya kawai bai yi asarar kome ba.

Gwajin da aji ɗaya zai iya yi

Duk wannan bayani ana iya jarraba shi a harabar makaranta ba tare da an kashe kuɗi ba. A samo mazubai tara: uku masu lita 2, uku masu lita 5, uku masu lita 10, a huda su, a cika su da ƙasa iri ɗaya da aka cuɗa wuri ɗaya. A shuka alayyafo rana ɗaya, bayan kwana goma a bar tushe ɗaya a kowanne. A ɗauki ɗaya daga kowane girma a ajiye a fili, wasu uku a ƙarƙashin bishiya, ukun ƙarshe a bakin taga cikin aji. Kowace Litinin ɗalibai su auna tsawo, su ƙirga ganye, su rubuta yawan ruwan da kowane mazubi ya sha. Bayan mako shida a yanke su daga gindi a auna nauyinsu, sa'an nan a juye ƙasar a wanke saiwoyin a shimfiɗa su a kan takarda a kwatanta. Malami ya gargaɗi ɗalibai tun farko kada su yanke hukunci da tsawo, domin mai yiwuwa na bakin taga ya fi kowa saurin miƙewa a makon farko, amma a kan sikeli shi zai zo na ƙarshe. In da hali a yi kowane rukuni sau uku, saboda tsiro ɗaya yana iya mutuwa don wani dalili dabam. Kuma tilas a kewaye na filin da ƙaya ko tsohon gidan sauro, saboda awaki da kajin maƙwabta.